Ɗana ɗan shekara uku ba ya barci sai tsakar dare: ta ina zan fara gyara?

"Assalamu alaikum likita. Ina da yaro ɗan shekara uku da wata huɗu. Ba ya barci sai wajen ƙarfe 12 na dare, da safe kuma da kuka da birgima nake tashinsa ƙarfe 6 da rabi don a kai shi makaranta. In ya dawo ya ci abinci, sai ya kwanta tun ƙarfe 2 har kusan magariba. Abinci ba ya ci sai biskit da indomi da shayi, in kuma ban ba shi wayata ba, ba zan iya aikin komai ba. Maƙwabciyata ta ce in riƙa ba shi Piriton da daddare. Surukata kuma ta ce beli ne ke damunsa tunda yana minshari, a kai shi wurin wanzami. Ɗaki da falo muke a gidan haya. Don Allah me zan yi?" Daga wata uwa a Zariya.

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya raya shi, ya yi masa albarka.

In na fahimce ki, kina son yaron nan ya riƙa barci da wuri, ya ci abincin kirki, ya rage waya, sannan kina tambayar ko ki bi shawarar maƙwabciya da ta surukarki. Bari in fara da na ƙarshen, kada a yi gaggawa kafin ki gama karantawa: kada ki ba shi Piriton, kada kuma a kai shi wurin wanzami. Dalilan suna gaba. Sauran ukun kuwa, barci da abinci da waya, a ganina tushensu ɗaya ne, wato yadda yinin yaron yake tafiya tun daga tashinsa, da yadda mutanen gidan suke tafiyar da nasu daren.

Mu yi lissafi tukuna

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin barci da motsa jiki na yara 'yan ƙasa da shekara 5. Abin da ta ce shi ne ɗan shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a cikin yini da kwana, ɗan shekara 3 zuwa 4 kuma awa 10 zuwa 13, har da barcin rana a ciki.

To, ɗanki yana kwanciya ƙarfe 12 ya tashi 6 da rabi, awa 6 da rabi ke nan. Da rana yana yin wajen awa 4. In kin haɗa, ya samu awa 10 da rabi. Ashe yaron ba rashin barci yake yi ba, barcin ne ya tarwatse, fiye da kashi ɗaya cikin uku nasa ya koma rana. Yaro mai wannan shekarun, in ya farka daga barcin rana, yakan ɗauki awa 5 zuwa 6 kafin wani barcin ya sake kama shi. Wanda ya tashi ƙarfe 6 na yamma, ki ƙara masa awa 6, ina kika sauka? Ƙarfe 12 na dare daidai. Ba taurin kai ba ne. Ko ki kashe fitila, ko ki yi masa tsawa, ko ki ce ga dodo nan, idonsa a bushe yake.

Abu biyu ne ke kawo wa mutum barci. Na farko gajiyar da ke taruwa a ƙwaƙwalwa tun daga lokacin da ya farka, wadda barcin rana mai tsawo ke kwashe ta tas. Na biyu agogon da ke cikin jiki, wanda haske ke saitawa: hasken safiya yana gaya wa jiki gari ya waye, duhu kuma yana sa ƙwaƙwalwa ta saki wani sinadari da ake kira melatonin, shi ne mai saukar da kasala ya sa ido ya yi nauyi. Haske mai ƙarfi da daddare yana jinkirta sakin sinadarin nan, kuma idon ƙaramin yaro ya fi na babba saurin jin tasirin haske. A wajen ɗanki duka biyun sun karkata zuwa tsakar dare.

Saboda haka gyaran daga rana zai fara. Ki bar shi ya yi barcinsa bayan ya dawo makaranta, amma awa 1 da rabi ya ishe shi. Da an kira sallar la'asar ki tashe shi, ki wanke masa fuska, ki fito da shi tsakar gida. Iyayenmu dama ba sa son yaro ya yi barcin la'asar, kuma a nan ina bayansu. In kin ga yankewar lokaci guda ta yi masa tsauri, ki riƙa rage rabin awa bayan kowane kwana biyu ko uku, kina kuma matso da lokacin kwanciyar dare da rabin awa, har ki kai wajen ƙarfe 8 da rabi. Lokacin tashin safe kuma kada ya canza sosai, ko Asabar ko Lahadi. Iyaye da yawa a nan suke rushe aikin mako guda: ranar da babu makaranta sai a bar yaro ya kai ƙarfe 10 yana kwance, daren Lahadi kuma a dawo gidan jiya.

Ki sa rai kwanakin farko zai yi rigima da yamma, zai yi kuka a kan abin da bai kai ya kawo ba, wataƙila ya nemi kwanciya a kan tabarma ana sallar magariba. Kada ki bari. Ki yi masa wanka, ki ja shi da wasa. Yawancin yaran da nake gani cikin mako ɗaya zuwa biyu suke daidaita, in dai gidan ya tsaya a kan magana ɗaya.

Yaron da bai gaji ba

Ƙa'idar da na ambata ta ce ɗan shekara 3 zuwa 4 ya samu aƙalla minti 180 na motsi a yini, a warwatse, kuma minti 60 daga ciki ya zama mai ƙarfi, irin wanda zai sa shi haki da gumi. Awa 3 ke nan. Ki duba yinin ɗanki: an ɗauke shi a babur ko a-daidaita-sahu zuwa makaranta, an zaunar da shi a benci ana maimaita haruffa, ya dawo ya kwanta, ya tashi ya karɓi waya. Yaushe ya yi gudu?

Ba sai an saya masa keke ko an kai shi wurin wasa na kuɗi ba. Tsakanin la'asar da magariba, ki bar shi cikin yaran gida su yi guje-guje, su yi ɓuya, su gara tsohuwar taya, su buga ƙwallo ko da ta tsumma ce, ya gwada langa yana faɗuwa yana tashi. Ki aike shi ya ɗauko miki ludayi, ya kai kwano wurin wanke-wanke, ya raka ki shago da ƙafarsa. Na san abin da ke sa iyaye mata a gidan haya su kulle yaro a ɗaki: faɗan yara da ke zama faɗan manya, da tsoron babur a ƙofar gida, da ƙin datti. Dattin wanka ke fitar da shi. Abin da ya cancanci tsoro shi ne rijiyar da ba murfi, da bahon ruwa a buɗe, da murhu, da kalanzir a robar lemo. A gyara waɗannan, a sa babba ya zuba ido, a bar yaro ya yi wasa.

Ga masu goyo da ke karanta wannan: ƙa'idar ta ce kada a riƙe yaro wuri ɗaya fiye da awa 1 a jere, har da goyo a baya. Ni ban ga laifin goyo ba, yana kwantar wa jariri da hankali, yana ba uwa damar aiki. Sai dai a riƙa kwance zanen lokaci-lokaci a sauke shi a tabarma, a kifa shi a kan cikinsa yana farke ana kallonsa, ya koyi ɗaga kai da rarrafe.

Waya, da wanda ya kamata ya ji wannan maganar

Ɗan shekara 2 zuwa 4 kada kallonsa na waya ko talabijin ya wuce awa 1 a yini, in ya gaza haka ya fi. Wanda bai kai shekara 2 ba, ba a so ya yi kallon sam. Ba zan ce ki hana shi gaba ɗaya ba, don na san wayar ce ke ba ki sararin ɗora tukunya. Amma ki sa mata lokaci, misali sa'ad da kike girkin dare, ki gaya masa tun farko cewa in wannan ya ƙare an gama. Daga sallar magariba kuma babu waya. Illar wayar ba hasken kaɗai ba ne. Bidiyon yara an tsara shi ne wani na ƙarewa wani na farawa, ga launi ga sauti, don haka yaro yana kwance amma ƙwaƙwalwarsa a tsaye take. Sannan duk awar da ya yi shiru da waya, awa ce da bai yi magana da kowa ba, alhali da hira da mutane yaro ke koyon magana.

Wannan sashen ki karanta wa maigida. Abin da na fi gani a gidajenmu shi ne uwa ta yi ta fama har yaro ya fara gyangyaɗi, sai ƙarfe 10 a ji sallamar uba, ya dawo daga kasuwa ko majalisa, leda a hannu, tsire ko biskit ko lemon kwalba. Ya kunna fitila, ya ce "ina yarona?", ya ɗaga shi sama ya cafe. Yaro ya wartsake, ya ci zaƙi, ya hau cinyar uba suna kallon waya tare. Ko kuma a kawo wuta ƙarfe 10, gida duka ya farka, a kunna talabijin, a jona guga, kowa ya nemi caja. Yaro mai wayo kuwa, in ya gane cewa daɗin gidan duk sai bayan isha'i yake farawa, don me zai yarda ya kwanta? Malam, ba a ce kada ka yi wasa da ɗanka ba. Ka ajiye tsarabar zuwa safiya, ka shigo a hankali, in kuma da hali ka riƙa leƙowa gida tsakanin magariba da isha'i, ko ka kai shi makaranta da kanka da safe kuna hira. Ya zo a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya son hira bayan isha'i, kuma gidan da ya rage hirar dare ba ya shan wahalar kwantar da yara.

Daren kansa ki ba shi tsari guda wanda ba ya canzawa: abinci bayan magariba, wanka, goge haƙora da man goge baki ɗan kaɗan kamar ƙwayar wake, fitsari, sai shimfiɗa. Ki rage haske, ku yi addu'ar barci tare, ki tofa masa Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi ki shafe shi, sannan ki ce "ga ta nan ga ta nanku". Tatsuniya ɗaya ta Gizo da Ƙoƙi ta isa, ko da ita ce ta jiya, don yara suna son maimaici. In kin ce ƙurunƙus, an gama, ba a ƙara wata. Bayan 'yan kwanaki jikinsa zai gane cewa wanka da tatsuniya barci ne ke biye da su. Tunda kuna da falo, a bar ɗakin da duhu, manya su koma falo su rage murya. Masu ɗaki ɗaya tal kuma su yi amfani da ƙaramar tocila a kife maimakon ƙwan lantarki.

Ya kwana cikin gidan sauro mai magani kullum, ko da a tsakar gida kuke kwana lokacin zafi. Maganin sauro mai hayaƙi ba na son sa kusa da yaro mai minshari. Janareta kada ya zama kusa da taga, gawayi kuma kada a shiga da shi ɗaki a rufe lokacin hunturu, don hayaƙinsu yana kashe mutane suna barci ba tare da sun farka ba.

Biskit, indomi da shayi

Daga shekara 2 girman yaro yana rage sauri, wajen kilo 2 kawai yake ƙarawa a shekara, don haka cin abincinsa ma yana raguwa. Iyaye mata sai hankalinsu ya tashi, su shiga bin yaro da duk abin da zai karɓa, abin da zai karɓa kuwa biskit ne. Cikinsa ƙarami ne, biskit uku da kofin shayi sun toshe shi, in an kawo tuwo ya kau da kai, sai a sake ba shi biskit don kada ya kwana da yunwa.

Shayin ya fi damuna. Ganyen shayi yana da sinadarin da ke hana barci, irin wanda ke cikin goro da kofi da lemon kwalba baƙi. Yana kuma hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci, wanda da shi ake yin jini, kuma ƙarancin jini ya yi yawa a yaranmu. Ki cire ganyen. In ya saba da kofi mai ɗumi, ki ba shi madara ko kunun gyaɗa ko koko, sukari kaɗan.

Yadda nake koya wa iyaye shi ne a raba aiki: ke ce mai zaɓar abin da za a ci da lokacin ci, shi ne mai zaɓar yawan da zai ci. Abinci sau uku, ɗan abin taɓawa sau biyu, tsakani kuma ruwa kawai. Ki zuba masa kaɗan a kwanonsa, ku zauna tare, ya ga kina ci. In bayan minti 20 ko 30 bai ci ba, ki ɗauke ba faɗa, kada kuma ki musanya da biskit, ya jira lokaci na gaba. Yaro mai lafiya ba ya bari yunwa ta illata shi ga abinci a gabansa. Sabon abinci kuma sai an kawo masa sau goma ko fiye kafin ya yarda, don haka ƙin farko ba hukunci ba ne. Ɗura kuwa, a danne yaro a toshe masa hanci a zuba kunu, a daina ta. Kunu yana iya bi ta hanyar iska ya shiga huhu, kuma ana kawo mana yaran da haka ta faru da su.

Abin da za ki ba shi duk yana kasuwar unguwarku: ƙosai, alale, wake da shinkafa, awara, ƙwai, kifi da aka cire wa ƙaya, nono mai tsabta, dankalin Hausa, kabewa, miyar zogale ko alayyafo, gwanda, kankana, mangwaro a lokacinsa. Maganar cewa ƙwai yana sa yaro sata ba ta da tushe. Indomi ba sai an kore shi daga gidan ba, a rage shi zuwa sau ɗaya ko biyu a mako, a sa rabin garin ɗanɗanon da ke cikin ledar saboda gishiri, a fasa ƙwai a yanka ganye a ciki. Gyaɗa ƙwaya-ƙwaya da aya da alewa mai tauri a kiyaye su, suna shaƙe yara 'yan ƙasa da shekara 5.

Piriton da wanzami

Piriton maganin ƙaiƙayi da atishawa ne, kasalar da yake sawa illarsa ce, ba aikinsa ba. Ba ya gyara agogon jiki, yana barin yaro da nauyin kai washegari, wasu yaran ma akasin haka yake yi musu, su rikice su kasa zama. In aka zarce ƙima yana kawo bugun zuciya da jijjiga. Ga yaron da numfashinsa ke wahala cikin barci kuwa, duk maganin da zai ƙara masa nauyin barci haɗari ne, garin neman gira a rasa ido. Haka maganin tari da ake ba yara don su yi shiru. Gwamnatin Najeriya ta hana maganin tari mai kodin a 2018, kuma a 2008 wani ruwan maganin haƙori da ya gurɓata ya kashe yara fiye da 80 a ƙasar nan. Ruwan magani ba abin da za a ba yaro a kan shawarar maƙwabta ba ne.

Beli kuma kowa da nasa aka haife shi, halitta ce. Abin da ya fi sa yara masu shekarun ɗanki minshari shi ne girman tonsil, wato ƙullutai biyun nan na gefen maƙogwaro, da wani nama da ke bayan hanci wanda ba a ganinsa ta baki, ana kiransa adinoyid. Askar wanzami ba ta kaiwa gare shi, sai dai ta yanke belin da bai yi laifi ba, ta bar yaro da haɗarin zubar jini, da sarƙewar haƙora, da ciwon hanta in askar ta taɓa wani. In yaron mai sikila ne, zubar jinin kaɗai ta isa masifa.

Amma surukarki ba ta yi kuskure ba da ta damu da minsharin. Ita ce ma ta lura da abin da ya fi buƙatar likita a duk wasiƙarki. Minshari na lokacin mura ba komai ba ne. Wanda ake yi kusan kowane dare kuwa sai an duba. Ki zauna kusa da shi bayan barcinsa ya yi nisa. Bakinsa a buɗe yake? Numfashin yana tsayawa na 'yan daƙiƙu sannan ya ja da ƙarfi kamar an shaƙe shi? Yana gantsare wuya baya, yana jiƙewa da gumi, yana juye-juye? Yaro mai irin wannan barci ba ya hutawa ko ya yi awa 12, kuma yakan rasa sha'awar abinci, ya zama mai rigima da rana. Mai yiwuwa ne ma wannan ne ke sa ɗanki doguwar kwanciya da rana. Likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne zai duba shi. Kuna da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, ga kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Wasu yaran maganin fesawa a hanci ya ishe su, wasu sai an yi musu aiki. Kada ki ja da surukarki a kan wannan. Maigida ya gaya mata cewa maganarta ce ta sa za a kai yaron asibiti, in da hali a tafi da ita ta ji bayanin likita da kunnenta.

Iyakar abin da zan iya faɗa daga nesa

Ban ga yaron ba, ban auna shi ba, ban leƙa maƙogwaronsa ba. Akwai abubuwan da ke hana yaro barci waɗanda tsarin gida ba ya maganinsu: ƙananan tsutsotsi farare masu sa ƙaiƙayin dubura da daddare, ƙazuwa, ciwon kunne, ruɓaɓɓen haƙori (mai cin biskit da shayi mai sukari a duba bakinsa), tarin asma, ƙarancin jini. Ki ja fatar idonsa ta ƙasa ki duba, ki duba tafin hannunsa. In sun yi fari, a auna jininsa. Ki tabbata yana samun bitamin A da maganin tsutsar ciki da ake bai wa yara sau biyu a shekara. In damina ta sauka kuma masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro suka zo gida-gida, wanda ake bai wa yara daga wata 3 zuwa wata 59, ki karɓa, ki kuma cika masa na kwana na biyu da na uku da suke bar miki, don a nan iyaye da yawa suke sakaci.

Zazzaɓi mai zafi, jijjiga, numfashi da sauri ko da kyar, amai ba tsayawa, kumburin ƙafafu, ko barcin da ba a iya tashinsa daga ciki, waɗannan ba a kwana da su a gida. In kuma har yanzu ba ya haɗa kalmomi ya yi magana, ko ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ki faɗa wa likita a ranar da kuka je.

Kafin ranar asibitin, ki sami takarda ki riƙa rubuta lokacin da ya kwanta da lokacin da ya tashi, dare da rana, da abin da ya ci, na tsawon mako guda. Ki ɗauki bidiyon minsharin na minti 2 ko 3 da wayarki, rigarsa a ɗage yadda za a ga motsin ƙirjinsa, don yaro ba ya yi wa likita minshari a ɗakin duba marasa lafiya. Ki tafi da takardar, da bidiyon, da katinsa na rigakafi, da sakamakon gwajin sikila in an taɓa yi masa. In ba a taɓa yi ba, ki roƙa a yi masa a ranar.